Gurbin Amshi a Faifan Kawu

Daga Allah muke, kuma can muka nufa gaba ɗayanmu. Kawuna, wan mahaifiyata, mai kukumar nan na Wudil, ya riga mu tafiya a tsakiyar daminar da ta wuce. Ba doguwar jinya ya yi ba. Zazzaɓi ne da tari, aka kai shi asibiti da safe, kafin la'asar an dawo da shi a rufe. Allah Ya ji ƙansa, Ya sa can ta fi masa nan.

Na yi zaman makoki a ƙofar gidansa ina kallon masu zuwa gaisuwa, kuma kashi biyu na gani. Akwai masu cewa, "Allah Ya gafarta masa, Ya yafe masa kiɗan da ya yi." Waɗannan su suka fi yawa, su suka fi manyan riguna. Sai kuma waɗanda ba su iya doguwar addu'a ba, masunta da masu ɗiban yashi da mahauta, da wasu tsofaffin Fulani da ban san wanda ya kai musu labari ba. Su sai su shafa fatiha su yi shiru, su ƙi tashi. Wani dattijo daga Achika ya zauna kusa da ni yana ta murza hularsa a hannu, can ya ce, "Shi ke nan, wanda yake faɗin sunan ubana ya tafi." Ba da ni yake ba. Da tabarma yake.

Washegari wani mutum ya zo, dogo, da wando da 'yar shat, ya cire takalminsa tun daga nesa. Kirista ne, mutumin kudancin Gombe, ma'aikaci a jami'ar garin nan, shi ke kula da na'urorin sauti, kuma shi ke koyar da mawaƙan cocinsu. Yana da ɗan ɗakin ɗaukar murya a gidansa a Sabon Gari. Kawu yana kiransa Injiniya, shi kuma yana kiran Kawu Baba. Da aka ɗaga hannu ana addu'a ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a gwiwar wandonsa. Da aka shafa sai ya tambayi na kusa da shi, "Don Allah wane ne ɗan ƙanwar Baba, mai yi masa amshi?"

Aka nuna ni.

Ya dube ni ba da faɗa ba, ya ce, "Ashe kai ne na ranar Asabar."

Gara in faɗi abin da yake nufi tun yanzu, don kada wani ya ɗauka ina ɓoyewa. Kawu yana cikin haɗa sabon faifai a ɗakin mutumin nan ajali ya same shi. Ya zuba muryarsa, ya zuba kukuma, waƙa bayan waƙa, amma duk inda 'yan amshi ya kamata su karɓa ya bar wurin fayau, ba kowa. Ni ya bar wa. Tun kafin azumi yake kirana a waya, ni kuma kullum maganata ɗaya: "Asabar mai zuwa, Kawu, in Allah Ya yarda." Daga shagona zuwa Sabon Gari ko man babur ba a ƙonawa, da ƙafa ma ana zuwa. Ban je ba har aka binne shi.

To bari in koma kan mutumin, don ba ni ne na mutu ba.

A gidanmu ba a gaji kiɗa ba. Manoma ne, in rani ya yi a faɗa kogi. Wannan ya sa Kawu ya rasa wurin zama a ko'ina: dangi suna ganin ya zubar musu da mutunci, makaɗan gado kuma suna ganin ɗan kutse ne. Kukumarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta yana yaro, da ƙoƙon da ya sato a ɗakin kakarmu. Da ya zo kan izga sai ya laɓaɓa kara, kasuwar dabbobi, ranar Juma'a, ya sami dokin wani fatake a ɗaure, ya kama jela ya finciko. Dokin ya sallame shi a ƙwauri. Tabon yana nan har ya mutu, kuma in ana hira sai ya naɗe wando ya nuna, ya ce, "Ga takardar shaidata. Kowa da makarantar da ya yi."

In aka tambaye shi wa ya koya masa waƙa, ba ya kiran sunan wani babban makaɗi. Cewa yake uwarsa ce, a bakin dutsen niƙa. Ya ce yadda take jan murya in ta tura dutse, ta sake ta in ta jawo, haka yake jan bakan kukuma, bai ƙara komai ba. Sauran kuma a bakin kogi ya tsinta, wurin masu fito, yadda mutum zai tsaya a wannan gaɓa ya ƙwala kira, ya yi shiru, sai na wancan ƙetaren ya amsa. Yakan ce duk daɗin abin a shirun nan yake. Yana sauraron rediyo sosai, yana yaba muryar manyan mawaƙa, amma in waƙa ta ƙare sai ya taɓe baki ya ce, "Murya kam akwai. Amma bai ga abin da yake faɗa ba."

Nan ne ƙa'idarsa take, kuma ita ta hana shi arziki. A wurin Kawu amshi ba ado ba ne, shaida ne. In ya faɗi magana a waƙa, wanda ya karɓa yana cewa ne, na gani, haka aka yi. Don haka ba ya yarda mutum ya amsa masa abin da bai gani da idonsa ba. Ni tun ban kai kugunsa ba yake ɗaukata yawo, ƙauye-ƙauye, biki da suna da kalankuwa, ba don muryata ba, don idona. In za a yi wa manomi waƙa sai mun je mun tsaya a gonarsa. In masunci ne sai mun ga kamunsa. Ya ce, "Duba da kyau, ɗana, gobe kai za ka rantse."

Akwai wani dillalin shanu a kara da aka yi wa ƙazafin ya ɓoye maraƙin wani Alhaji. Daga baya maraƙin ya fito, ashe garken wasu ya bi. Amma Alhajin bai taɓa fitowa ya wanke dillalin ba, mutane kuma suka daina ba shi dabba. Kawu ba danginsa ba ne, ko gaisuwar kirki ba sa yi. Sai ya ɗauki kukuma ya je ya zauna a gaban rumfar Alhajin ranar kasuwa, yana ta gogawa, ba waƙa, ba magana. Wata Juma'ar ya koma. Wata ma ya koma. Alhajin ya miƙo masa kuɗi, ya ce a'a. Ya aiko masa da fura, ya sha, ya ci gaba da gogawa.

Ran nan Alhajin ya ƙule ya ce, "Wai kai me na yi maka ne? Ka hana ni jin ciniki!"

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, waƙa ce ta maƙale mini a wuya, kai take jira."

"Ni? Ni maroƙi ne?"

"A'a, Allah Ya kiyaye. Kalma huɗu ce kawai. In na tsaya ka ce: ba shi ya ɗauka ba."

Wani mahauci ya ce, "Biyar ce, Malam."

Kawu ya ce, "To ka ga ma an yi masa gyara."

Kara ta ɗauki dariya, mutane suka zagaye rumfar. Alhajin ya ga ba hanyar fita, ya amsa, murya ƙasa-ƙasa da farko, daga baya da ƙarfi don a rabu da shi. Dillalin yana gefe yana kuka, daɗi ya kwashe shi ya buɗe baki zai karɓa shi ma, Kawu ya daka masa tsawa: "Kai rufe baki! Wanda ke cikin waƙa ba ya amsa ta. Ba a yi wa kai shaida."

Haka yake. Bai taɓa yin ubangida ba. Ba basarake, ba attajiri, ba jam'iyya. Kaset-kaset ɗinsa na da duk wasu ne suka ɗauka a wurin biki, da kukan awaki da na yara a ciki, suka yi ta sayarwa, ko ɗaya ba a kawo masa ba. In ya ji ana sa shi a shagon wani sai ya tsaya ya saurara, ya ce, "Wannan akuyar ta gidan sarkin pawa ce, na gane ta."

Rabuwarmu a kan burtsatse ta faru. Wata kakar zaɓe mutanen wani ɗan takara suka zo har gida, suna so a yi masa waƙa a ce ya haƙa wa ƙauyuka burtsatse. Sabon babur suka ajiye a ƙofar gida, da ledarsa ba a cire ba. Lokacin matata na da tsohon ciki, kuma biki ya fara komawa hannun masu manyan lasifika, sai mu yi wata ba a kira mu ba. Kawu ya saurare su har suka gama, sannan ya juyo wurina.

"Ka ga burtsatsen?"

Na ce, "Ban gani ba, Kawu, amma..."

Ya ce, "Amma ba ta shiga waƙa." Ya dubi baƙin. "Ku yi haƙuri, ɗan amshina bai gani ba. Ku je ku haƙa, mu zo mu sha, in yi muku wadda ba a taɓa yi wa kowa ba."

Suka tura babur ɗinsu suka tafi. Ni kuwa na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa wan uwa. Na ce gaskiyarsa ba ta ɗora tukunya, na ce shi ya saba da yunwa, ni ban ɗaura aure da ita ba. Bai ɗaga murya ba. Yana shafa ƙaro a jikin izga ya ce, "Je ka ɗora tukunyarka, ɗana. Gurbinka yana nan."

Na tafi. Na buɗe shagon kayan gyaran babur a bakin titi, Allah Ya rufa asiri. Kawu bai taɓa yi mini gori ba. In ya taso daga masallacin Juma'a yakan biyo ya zauna a bencina, in sa a kawo masa shayi. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, duk zaman da zai yi idona na kan jakarsa, ina addu'ar kada ya fito da kukumar a gaban masu sayayya. Na zama mai shago, ana ce mini Alhaji tun ban je ba, 'ya'yana mata sun fara tasowa, ba na son a tuna cewa na taɓa tsayawa a bayan maroƙi ina tafa hannu. Kuma ya gane. Bai taɓa buɗe jakar a shagona ba.

Yadda suka haɗu da Injiniya shi ma abin dariya ne, Injiniyan ne ya ba ni labari. Wata yamma suna koyon waƙa a cocinsu sai ya hangi wani tsoho da jaka tsaye a bayan katanga yana kaɗa kai. Ya ɗauka mabaraci ne. Da suka tashi tsohon ya tare shi ya ce, "Kai ne shugabansu? Matan nan na baya suna makara. Sai na gaba sun sauke numfashi suke shiga. Ka ce su shiga yana bakinsu." Injiniya ya ce ya yi wata yana fama da wannan matsalar bai gano inda take ba. Daga nan suka ƙulla. Shi ya lallashe shi ya yarda a ɗauki waƙoƙinsa a tsanake, ba akuya, ba hayaniya, tun yana da sauran murya.

Injiniya ya ce ranar farko da aka sa wa Kawu abin ji a kunne, ya ji numfashin kansa, sai ya cire ya ce, "Wane tsoho ne wannan yake haki?" Aka ce shi ne. Ya ce, "To Allah Ya kyauta, mu yi sauri."

Da aka zo kan amshi Injiniya ya ce ga ɗalibai nan masu murya, Musulmi da Kirista, zai koya musu cikin sati. Kawu ya ce, "Sun san dillalin? Sun ga ambaliyar da ta ci gonakin bakin kogi?" Injiniya ya ce to akwai yadda na'ura za ta ninka muryar Baba ta zama kamar mutum goma. Kawu ya ce, "In faɗa in kuma gaskata kaina? Ai ko a gaban alƙali ba a haka. Bar wurin. Yarona yana zuwa ranar Asabar."

Yaron nan furfura ta cika masa gemu.

Bayan an share makoki rigima ta tashi. Babban ɗan Kawu, taubashina, ɗan kasuwa ne a Kano, mutumin kirki, mai riƙo da addini. Shi ma ya sha gorin ɗan maroƙi tun yana makarantar allo, na san wannan don tare muka sha. Ya ce a goge komai. Ba ƙin ubansa yake ba, tsoro yake ji. A ganinsa duk wanda ya kunna waƙar nan ana ƙara wa tsohon nauyi ne a kabari.

Na ce da irin wasanmu na taubasai, "Haba bawana, aikin ƙarshe na mutum za ka shafe?"

Ya ce, "Wa ye bawanka? Kuma ka ji mai magana. Yana raye ka hana shi ƙafarka, yanzu ya mutu ka zama mai kishinsa?"

Can ya ce, "Ji nan. Abin da Baba ya ƙarasa ba zan taɓa ba, nasa ne, shi da Ubangijinsa. Amma wannan rabi ne. Ba zan yarda a fitar da ubana yana kira ba mai amsa masa ba, kamar mahaukaci a kasuwa. Kuma ba zan yarda a liƙa masa muryar wasu yara da ya ƙi da bakinsa ba. Ko a ƙarasa yadda ya so kafin Inna ta fita takaba, ko a goge." Ya gyara hularsa ya ƙara da cewa, "Na san dai gogewar za a yi. Kai da Asabar ɗinka."

Talata na je.

Ɗakin ƙarami ne, an manna katifu a bango. Kujerar robar da Kawu ke zama tana nan a kusurwa. Injiniya ya sa mini abin ji a kunne ya kunna. Kukuma ta shigo, muryarsa ta biyo, ta dushe amma ba ta karkace ba. Ya kai ƙarshen baiti ya tsaya. A cikin shirun nan ina jin ƙafarsa tana buga ƙasa a hankali, ina jin yana jan numfashi. Yana ƙirga mini lokaci. Gurbin ya wuce ban karɓa ba.

Da na samu na fara, sai wata matsalar. Gurbin ya yi mini kaɗan. Da saurin da nake amsawa ina saurayi ya auna shi, ni kuwa yanzu ƙirji ya yi nauyi, shekara da shekaru ina shaƙar hayaƙin babur. Kafin in kai ƙarshe ya riga ya shigo. Muka yi ta maimaitawa. Injiniya ya ce zai iya buɗa wurin da na'ura, na ce a'a, kada a taɓa masa, ni zan matse. Da na dace sau ɗaya, na sauke daidai inda ya bari, sai na ji a kunnena ya ce, "Yauwa."

Na fizge abin daga kaina na ce, "Wa ya yi magana?"

Injiniya ya ce, "Baba ne. Haka yake yi. In ya zo wurin sai ya rufe ido yana gyaɗa kai, kamar yana jin ka. Wani lokaci ya ce yauwa. Na so in cire, na kasa."

Na fita waje na tsuguna a gindin dalbejiya. Ba zan tsawaita wannan ba.

Na yi ta zuwa har na cike tsofaffin waƙoƙin duka, ta dillali, ta ambaliya, ta mahaifin dattijon nan na Achika wanda ya riƙe rumbunsa a buɗe shekarar da aka yi fari. Duk na gani, duk na amsa. Saura ɗaya, ta ƙarshe. Sabuwa ce, ban taɓa jin ta ba. Ga abin da yake cewa a ciki:

Mai ƙwarya ya kwanta, ƙasa ta rufe.
Mai kalangu ya bi mota kudu.
Ƙaramin da na goya muka haye ruwa,
Yana bakin titi, Allah ba shi kasuwa.
Asabar ta zo, an wanke riga.
Asabar ta wuce, an ninke riga.

Bayan kowane layi akwai gurbi. Da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Injiniya ya ce, "Na tambaye shi mene ne amshin wannan, ya ce in an zo wurin za a sani. Ka gwada wani abu mana."

Na ce, "Ba zan iya ba. Ina cikin waƙar. Kuma ban ga an wanke riga ba, ba na nan."

"To in ba a cike ta ba ɗansa zai ce ba a ƙarasa ba. Ko mu cire ta kawai? Ba wanda ya san da ita sai ni da kai."

Ba zan yi ƙarya ba, raina ya raya mini in yarda. Da an cire ta da ba wanda zai san abin da na yi sai mutum biyu. Amma ita ce kaɗai waƙar da ya yi wa kansa a duk rayuwarsa. Na ce a bar ta. Na san wanda ya ga an wanke riga.

Inna, matar Kawu, 'yar gidan malamai ce. Danginta sun daɗe ba su yafe mata auren makaɗi ba. Ba ta taɓa zuwa inda yake wasa ba, ban taɓa jin ko guɗa daga bakinta ba. Amma ita ke ajiye masa kukuma kusa da murhu da damina don kada fatar ta saki. Na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗa mata komai, taubashina yana tsaye a kaina.

Ya ce, "Muryar uwata a wayoyin 'yan acaɓa? Wallahi ba da ni ba."

Inna ta ce, "Kai, matsa ka ba ni iska. Da kuɗin kukumar nan aka yi maka kaciya." Ta juyo wurina. "Ni ban iya waƙa ba, ka sani."

Na ce, "Ba waƙa za ki yi ba, Inna. Ki ji abin da ya faɗa, in gaskiya ne ki ce gaskiya ne."

Ta ce, "Sai na fita takaba. Ranar da na fita ku zo da safe, kafin gida ya cika." Ta dubi ɗanta. "Ka ce kafin in fita. To na ƙara maka yini ɗaya, ko shi ma sai na roƙa?"

Ya matsa ya ba ta iska.

A ranar, Injiniya ya zo da kayansa ya zauna a zaure, don ba zai shiga cikin gida ba. Aka ja doguwar waya daga zaure, ta bi tsakar gida har ƙofar ɗakin Inna. Akuyar gidan ta nufo wayar za ta tauna, sai ga taubashina da ya rantse ba da shi ba ya ɗauki kara ya tsaya gadi, yana cewa shi ba taimaka mana yake ba, kayan mutane yake tsarewa. Ni na durƙusa a gabanta riƙe da makirfo. Na ɗora mata abin ji a kan mayafi.

Da muryar ta shigo ta zabura, ta waiga ɗaki. Sannan ta zauna daidai, ta ɗora hannuwa a cinya.

Ni ba na jin waƙar, fuskarta kawai nake gani. Ta saurara, ta ce, "Haka aka yi." Ba da waƙa ba, yadda ake magana. Ta sake saurarawa, ta ce, "Haka aka yi." Sai na ga ta ɗago ido ta dube ni, na san inda aka zo. Ba harara ba ce. Kallon da take mini ne tun ina yaro in na dawo da ƙaya a ƙafa. Ta ce, "Haka aka yi." Da aka zo kan riga ta daɗe ba ta yi magana ba, har na ɗauka gurbin zai wuce, sannan ta faɗa, a can ƙasan maƙoshi.

Injiniya ya ɗago murya daga zaure, "Mama, ko za a sake sau ɗaya, don a samu mai kyau?"

Ta cire abin daga kanta ta miƙo mini, ta ce, "Ka ce masa na faɗa. Me zan ƙara?"

Taubashina yana tsaye da karansa, ya juya mana baya yana kallon katanga. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "A fitar."

Faifan ya fita. Yana wurin masu tura waƙa a waya a bakin tasha da cikin kasuwa, wanda ya ga dama ya je a tura masa. Ba zai yi tashe ba, na sani, ba irin wanda ake rawa da shi ba ne. Amma dattijon Achika ya aiko jikansa an tura masa, kuma rannan wani ya tsaya sayen fulogi a shagona waƙar dillali na tashi a aljihunsa. Ya ce, "Alhaji, ka san tsohon nan kuwa?" Na ce, "Kawuna ne. Wannan mai hakin a bayansa ni ne." Kukumar ma tana shagon yanzu, a rataye inda kowa zai gani. Na san wannan ba ya biyan komai.

Masu yi masa addu'ar a yafe masa kiɗa, na gode, ku ci gaba, kowa yana buƙatar yafiya. Ni dai abin da na gani zan faɗa, don abin da ya koya mini ke nan: na bi mutumin nan tun ina yaro, ban taɓa jin ya rera ƙarya ba. Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya sa ya samu masu amsa masa a inda ya je. Ya ba Inna haƙuri. Mu kuma Ya sa mu je inda ake kiranmu tun mai kiran yana ji.

In kun kai waƙar ƙarshe za ku ji wani ɗan ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin muryar Inna. Injiniya ya yi iya ƙoƙarinsa bai fita ba. Ba wayarku ce ta lalace ba. Hannuna ne yake rawa a jikin makirfo.